Ranka Ya Daɗe, A Ɗan Ɗaga Haɓa

Abin da kyamara ke yi idan ana ɗaukar hoton mutum bai kai ƙiftawar ido ba. A situdiyo akan saita ta ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 125 na daƙiƙa, fitila ta yi walƙiya, shi ke nan. Sauran yinin kuwa, tun daga hantsi har la'asar sakaliya, da 'yan Adam mai hoto yake fama. Mai hoton biki ma da sauƙi, don ango ne ya kira shi, ango zai biya shi, in rigima ta tashi da ango za a yi. Wanda ke ɗaukar wa mujallu da kamfanoni da 'yan siyasa hoto iyayen gidansa uku ne a kowane aiki: wanda zai zauna gaban kyamara, wanda zai fitar da kuɗi, da wanda zai duba ya ce hoton ya yi ko bai yi ba. Da wuya ukun nan su zama mutum ɗaya, da wuya kuma bakinsu ya zo ɗaya.

A fara da Alhaji Minti Biyar. An sa ƙarfe goma na safe. Mai hoto ya iso tun takwas da yaransa, sun kafa fitilu, sun rataya ƙyallen baya, sun zaunar da maigadi a kujera sun gwada haske a kansa, har bawan Allah ya samu hotunan da bai taɓa mallakar irinsu ba. Sai bayan azahar Alhaji zai shigo, waya a kunne, mutum takwas na biye, ya dubi agogo ya ce, “Malam, minti biyar gare ni, jirgin Abuja zan bi.” Biyu daga cikin biyar ɗin wajen saɓa hannun babbar riga za su tafi, don ana ɗora shi a kafaɗa yana zamowa. Ɗaya na amsa waya ne. A sauran biyun ake so a fitar da fuskar da za ta zauna a bangon mujalla wata guda cur.

Irin wannan Alhajin akwai shi a kowace ƙasa, kuma wani daga cikinsu ya bar tarihi. Ranar 30 ga Disamba 1941, Winston Churchill ya gama jawabi a majalisar dokokin Kanada da ke Ottawa, aka shigar da shi wani ɗaki inda Yousuf Karsh ya kafa fitilunsa tun daren jiya yana jira. Churchill bai san da zancen ba, ya ba da ɗan lokaci kaɗan da ƙyar, ya kuma ƙi ajiye tabar da ke bakinsa. Karsh ya matso ya fizge ta, ya koma bayan kyamara ya danna. Hararar da Churchill ya yi masa ita ce duniya ta ɗauka a matsayin fuskar Ingila mai ƙin miƙa wuya ga Hitler, kuma ita ce a jikin takardar fam biyar ta Ingila tun 2016. Masu hoto na son ba da labarin nan, sai dai ba a samu wanda ya gwada fizge wayar wani Alhaji a Kano ba. Yaran da ke biye da shi ba don ado suke biye ba.

Ɗan takara shi lokaci gare shi, kuɗi ne babu. Zai zo da huluna shida a leda, don a siyasar Arewa hula magana take yi: a Kano jar dara kaɗai ta isa ta faɗi gidan da mutum yake. Yana so ya kalli sama ta gefe, wajen da ci gaba yake, hannu a ɗage, murmushi daidai gwargwado, kada a ce ya raina wahalar talaka, kada kuma a ce ba shi da fara'a. Sai a zo kan babbar magana, watau girman kan jagora. Dole a bar fili a saman fosta don hoton uban gidansa. In kan jagora ya fi nasa girma, masu zaɓe ba za su san wa ke takara ba. In nasa ya fi, labari zai kai gidan jagora kafin manne ya bushe a gadar Ƙofar Nasarawa. Ana iya kwana biyu ana ƙara santimita ana ragewa.

Batun biya kuwa amsarsa ɗaya ce: “In Allah ya ba mu nasara, ai kai ne mai hoton gidan gwamnati.” Tsofaffin hannu a sana'ar sun san ma'anarta, shi ya sa suke karɓar kuɗinsu kafin su cire murfin kyamara. In ya faɗi, wayarsa a kashe. In ya ci, ɗan sandan ƙofa bai san wani mai hoto ba. In kuma ya faɗi tun a zaɓen fid da gwani, zai dawo bayan mako biyu daga wata jam'iyyar, ba don a sake ɗauka ba, don a canja masa launin hula a kwamfuta. Akwai ɗan'uwansa da ya fi shi tattali, wanda hoton da ya ɗauka a 2007 shi ya manna a 2023, masu zaɓe su je taro suna neman matashin da ke jikin fosta.

Sai dattijo mai ɗaure fuska, wanda jarida ta aika a ɗauko don hirar da aka yi da shi: tsohon babban sakatare, ko tsohon alƙali, ko malamin makaranta da ya koyar da gwamnoni. Yayin da ake kafa fitilu yana ba da labarin zamanin Sardauna yana dariya har da buga ƙafa. Ana ɗaga kyamara sai ya kame, ya haɗe gira, ya dafa gwiwoyi biyu. Mutanen da aka ɗauka a farkon zamanin hoto, bayan 1839, suna da uzuri, don sai sun daɗe ba motsi, har ƙarfe ake sa musu a ƙeya ya riƙe kai. Uzurin dattijon nan daban ne: a wurinsa washe haƙora gaban baƙo zubar da girma ne, kuma hoto abu ne da jikoki za su gada. Cewa “Baba, a ɗan yi murmushi” ba ta haifar da komai sai ƙarin tamke baki. Mai hoton da ya san gari yakan bi ta wasan da aka gada. In dattijon Bafulatani ne, sai a ce wani Babarbare ya aiko a gaishe da bawansa. In Bakano ne, a ce jiya an ɗauki wani Bazazzagi ya fi shi iya zama. Kafin ya gama mayar da martani an danna sau goma. Daga baya shi zai zaɓi mai harara a yi masa firam ya rataya a falo, edita ya buga mai dariya, iyalansa su kira jarida su ce an fitar da Baba ba kamun kai.

Mai aro tsohon abokin sana'ar ne. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hoto a Bamako a 1948, ya gane shi tun da wuri, ya tanadar masa kaya: rediyo, agogo, alƙalami, tabarau, kwat da laƙtaye, babur ɗin Vespa, daga baya har da motarsa ƙirar Peugeot. Mutum ya shigo a ƙasa, ya fita a kati yana jingine da mota. Ƙyallen bayan da Keïta ya fara amfani da shi ma shimfiɗar gadonsa ce, kuma saboda tsadar fim yawanci sau ɗaya yake dannawa ga kowane mutum. Jikokin abokan cinikinsa suna nan a Kano da Kaduna da Yamai. Matashin ɗan kasuwar da mujalla za ta gabatar zai ajiye makullin mota a kan tebur ta yadda tambarin zai fuskanci kyamara, wayoyi biyu a gefe, kwamfutar cinya a buɗe ko da ba caji. Ofishin na abokinsa ne, an ba shi aron awa ɗaya, don haka sai an sauke hoton mai ofishin daga bango, a kuma tuna a mayar. Bai kamata a yi masa dariya da yawa ba. Hotunan masu aron rediyon Keïta yau suna rataye a manyan gidajen adana zane na Paris da New York, kuma ba wanda ya taɓa tambayar rediyon na wa ne.

Hajiya Mai Kaya ta fi kowa sanin abin da take so, kuma ita ce ke biya a kan kari. Atamfa da leshi da turaren wuta take sayarwa a Instagram, fuskarta ita ce tambarin shagon. Za ta zo da mai kwalliya da mai ɗaurin kallabi, a yi awa uku kafin a fara. Ɗaukar ba wuya. Wahalar tana farawa da daddare, a WhatsApp: “A ɗan haska ni.” An haska. “A ɗan ƙara.” Sai a rage kumatu, a cire layin wuya, a goge ƙasan ido, har fuska ta koma sumul kamar dafaffen ƙwan da aka ɓare, hannun da ya riƙe atamfar kuwa yana nan da launinsa na asali, don an manta da shi. Mai hoton zai yi gunaguni a kan lalata masa aiki, amma sana'arsa ma ba ta da bakin magana sosai a nan. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa aika wa wuraren wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi, baƙar fata kuwa ta fito yadda ta ga dama, wani lokaci idanu da haƙora kaɗai ake gani. Cikin waɗanda ƙorafinsu ya sa aka gyara fim ɗin har da masu sayar da cakulan da kujerun katako, waɗanda suka ce ba a bambance launukan kayansu a hoton talla. Katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban sai a shekarun 1990 ya fito. Ita Hajiya ba ruwanta da wannan tarihi. Hoto ɗaya take tsoro a duniya, na katin ɗan ƙasa, kuma yana can ƙasan jaka inda ba mai gani.

Kusan kowane ɗayan waɗannan yana zuwa da ɗan rakiya, shi kuma darakta ne da ba a naɗa ba. Yana tsaye a bayan mai hoto, numfashinsa a wuyansa: “Yallaɓai, juyo nan. A'a, can. Malam, hasken nan bai yi yawa ba?” Shi ne zai shiga tsakani ya gyara hular da ba ta karkace ba. Shi ne zai taka wayar fitila. Mafi muni, zai ɗaga wayarsa ta saman kafaɗar mai hoto ya ɗauki nasa da hasken da aka yi awa biyu ana saitawa, kafin a naɗe ƙyalle ya sa a Facebook, alhali mujalla ta tsara sai wata mai zuwa za a ga hoton.

A fada kuwa duk dabarun da aka koya a makaranta a ƙofa ake cire su tare da takalmi. Mai hoto zai shiga a durƙushe, ya yi gaisuwa, dogarai su amsa masa da an gaishe shi. Ba zai ce wa sarki ya juyo ba, balle ya taɓa shi. Sai ya raɗa wa wani bafade, bafaden ya nemi hanyar da zai mayar da “ɗaga haɓa” ta zama maganar da za a iya faɗa a gaban sarki, in ta yiwu. Rawani yana jefa inuwa a kan idanu, amawali ya rufe baki, farin yadi yana mayar da haske har ya ƙone hoton, abin da ya rage wa mai hoto ya yi aiki da shi bai fi faɗin tafin hannu ba. In kuma sarki zai gyara zama ko rawani, dogarai za su baza manyan rigunansu ja da kore su kare shi, daidai lokacin da ɗan yatsa ke kan maɓalli. George Osodi, wanda ya zagaya Nijeriya yana ɗaukar sarakuna a fadojinsu, har da marigayi Sarkin Kano Ado Bayero, ya yi aikin da haƙurinsa ya fi fasaharsa tsada.

Wanda ya ɗauka a nan ne kawai ake wannan taka-tsantsan ya tuna da Annie Leibovitz. A 2007 aka ba ta mintoci ƙalilan ta ɗauki Sarauniya Elizabeth a fadar Buckingham, ta kuwa ba da shawarar a cire kambin da ke kan Sarauniya don adon ya ragu. Sarauniya ta mayar mata da magana a taƙaice, aka ci gaba da aiki. Amma a tallan wani shirin talabijin, BBC ta nuna hotunan bidiyon da aka jera ta yadda za a zaci Sarauniya ta fusata ta fice. Sai da BBC ta nemi gafara, shugaban tashar BBC One ya ajiye aiki a shekarar.

Jarumin fim ba a koya masa tsayuwa. Tun da mujallar Fim ta fara fitowa a 1999 'yan Kannywood suka san darajar bango, kuma kowannensu ya san ɓangaren fuskarsa da ya fi kyau. Matsalar sai an haɗa biyu a hoto ɗaya kuma dukansu hagu suke so.

Duk waɗannan a gaban kyamara suke. Na bayan fage sun fi iya ba da ciwon kai. Edita zai kira ranar Talata da daddare ya ce ana buƙatar hoton ranar Laraba, a tsaye, a bar fili a sama don sunan mujalla, a bar fili a hagu don kanun labarai, mutumin ya fito da kwarjini amma da sauƙin kai. An yi duk wannan, sai talla ta shigo a makare, a matse hoton ya koma girman akwatin ashana, a yanke hannun da aka yi rabin awa ana saita shi. Sunan mai hoto, in an sa, a gefe yake a kwance da ƙananan baƙaƙe, sai an karkata kai za a karanta. In ba a sa ba, laifin mai tsara shafi ne, shi kuma ya tashi aiki. Wannan ma Keïta ya riga kowa ɗanɗanawa: a 1991 an baje wasu hotunansa a New York an rubuta a ƙasansu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba, alhali yana zaune a Bamako da dubban negatif a ajiye. Sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya je garin da kwafin hotunan, wani mai hoton garin, Malick Sidibé, ya duba ya faɗa masa na wane ne.

Kamfani shi ba mutum ba ne, kwamiti ne. Za a kira mai hoto a ɗauki shugabannin gudanarwa goma sha biyu don rahoton shekara, kowa ya harɗe hannu a ƙirji, don haka aka ga ana yi. Ɗaya yana Umara, za a liƙa shi daga baya, kansa ya fi na kowa haske. Wanda ya ba da aikin ya yaba, na sama da shi ya ce ƙyallen baya bai yi kala da tambarin kamfani ba, na saman wannan ya ce matarsa ta ce ya fito da tumbi. Kuɗi sai bayan wata uku, in takarda ba ta ɓata a tebur na huɗu ba. Ƙaramin kamfani kuma salonsa daban: “Ba mu da kasafi a wannan karon, amma za mu tallata ka.” Mai gidan haya dai bai taɓa karɓar talla ba, mai sayar da man janareta ma haka. Sannan hoton da aka yi ciniki a kan za a sa a 'yar takardar rabawa, wata rana mai hoto yana cikin Adaidaita Sahu a titin Zariya sai ya ɗaga kai ya gan shi a allon talla mai tsawon bene. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ta ba hoto kariyar shekara 50, kuma waɗanda suka ƙware sukan rubuta a yarjejeniya inda za a yi amfani da hoton da tsawon lokacin. Manajan da aka nuna wa wannan yakan yi mamaki na gaskiya: “Ba fuskata ba ce? Ba ni na biya ba?”

Saura wanda ba a gayyata ba. Duk mai hoton da ya fitar da kayansa titi a Fagge ko Tudun Wada ya san shi: yara goma da suka ɓullo daga lungu suna “Mai hoto, ɗauke ni,” mai shayi da ya daina zuba shayi ya gyara tsayuwa, mai babur da ya ga babu wurin tsayawa a duk unguwar sai bayan wanda ake ɗauka. Akan kore su, ko a goge su a kwamfuta. Amma a farkon 2016, TY Bello tana ɗaukar mawaƙin Ingila Tinie Tempah a wani titi a Legas, sai wata mai tallan burodi, Olajumoke Orisaguna, ta ratso da kayanta a ka ta shiga hoton. Da aka sa shi a intanet jama'a suka dinga tambayar wace ce wannan, aka bazama nemanta har aka same ta, ba a jima ba ta fito a bangon mujallar ThisDay Style, kamfanoni suka yi ta ba ta kwangilar talla. Tinie Tempah kuwa, wanda dominsa aka ɗebo kaya aka fito titi, a wannan hoton dai ɗan rakiya ya koma.